Nepal a hunturu: Poon Hill, Langtang, Annapurna ko Everest?

Wanda ya sa ran zuwa tsaunukan Nepal tsakanin Disamba da Fabrairu, galibi sunan Everest ne ya fara ɗauke masa hankali. Da ya tuntuɓi kamfanonin jagora na Katmandu sai a jero masa hanyoyi kala-kala, kowace da kuɗinta da kwanakinta, kowa na yabon tasa. Guda huɗu ne suka cancanci a ɗora su a sikeli a lokacin sanyi: zagayen Poon Hill, kwarin Langtang, sansanin gindin Annapurna, da sansanin gindin Everest. Dukansu tafiyar ƙasa ce daga ƙauye zuwa ƙauye, ba igiya ba rarrafe a jikin dutse, kuma duk dare akwai masauki da abinci mai zafi.

Hunturun na da ribarsa. Damina ta ɗauke tun ƙarshen Satumba, cincirindon Oktoba da Nuwamba ya watse, sama ta washe tas, ɗaki ya yi araha. Sai dai sanyin ba na wasa ba ne, rana gajeriya ce, kuma masu masaukai da yawa sun garƙame ƙofa sun gangara ƙasa. Da gangan na bar hanyar da ke ratsa mashigin Thorong La, mai tsayin mita 5,416, domin dusar ƙanƙara kan toshe shi a wannan lokacin. Ko a Oktoban 2014, tun hunturu bai shigo ba, guguwa ta kashe mutum sama da 40 a yankin.

Ma'aunan da za a duba

Na farko shi ne tsayin wurin kwana. Ƙololuwar da za ka taka da rana ka ɗau hoto ka sauko ba ita ce abin ji ba. Inda za ka shimfiɗa haƙarƙarinka ka kwana, nan jiki ke karɓa ko ya ƙi. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba, Jos na wajen 1,200, kuma wurin da ya fi ko'ina tsayi a Najeriya, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mita 2,419 ne. Filin jirgin Lukla, inda ake fara tafiyar Everest, ya ɗara shi da mita 400 da ɗoriya. Daga wajen mita 2,500 ciwon tsauni kan soma: ciwon kai, tashin zuciya, abinci ya fita a rai, barci ya ƙi zuwa. In aka yi masa taurin kai aka ci gaba da hawa, yakan kai ga ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma kowane cikin biyun na iya kisa cikin kwana ɗaya. Ƙarfin jiki ba kariya ba ne. Majiya ƙarfi ma sun fi faɗawa, saboda su ne masu gaggawa. Ƙa'idar likitoci ita ce: da an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda duk bayan kwana uku ko huɗu.

A nan akwai maganar da kamfanonin Katmandu ba za su tambaye ka ba, mu kuwa dole mu tambayi kanmu, wato nau'in jinin gado (genotype), AA ko AS ko SS. Kusan ɗaya cikin kowane 'yan Najeriya huɗu AS ne. Mai sikila, SS ko SC, wannan tafiya ba tasa ba ce, ko ma wace hanya. Mai AS kan yi rayuwarsa lafiya lau bai taɓa jin komai ba, amma in ƙarancin iskar shaƙa ya haɗu da wahala da ƙishirwa a kan tsauni, jini na iya toshewa a saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ka yi gwaji, ka zauna da likita, tun kafin ka sayi tikiti.

Na biyu shi ne hanyar fita. Maganin ciwon tsauni na gaskiya sauka ce. To in abu ya ɓaci da dare, sa'a nawa za ka yi kafin ka kai ƙasa inda numfashi zai dawo, kuma kwana nawa kafin ka kai titin mota? Jirgi mai saukar ungulu na zuwa, amma ba ya tashi da dare ko cikin gajimare, kuma kuɗinsa dubban daloli ne.

Na uku, yadda hanyar ke jure hunturu: shin tana rufewa in dusar ƙanƙara ta sauka, kuma masaukanta a buɗe suke? Na huɗu kuɗi, na biyar kwanaki, su biyun kuma tafe suke tare.

Wani kuɗin da wata wahalar ba sa canzawa, ko wace hanya ka ɗauka. Babu jirgi kai tsaye daga ƙasashenmu, sai an ya da zango a Doha, Santanbul ko Dubai. Bizar yawon buɗe ido dala 30 ce ta kwana 15, dala 50 ta kwana 30, kuma yawancin baƙi a filin jirgin Katmandu suke karɓa. Amma masu fasfon Najeriya, Ghana da Kamaru suna cikin jerin waɗanda ba a ba su a can. Sai sun nemo ta a ofishin jakadancin Nepal kafin su taso, kuma ofisoshin da ke Afirka suna Alƙahira ne da Firitoriya. Wannan kaɗai na iya cin makonni, don haka da shi ake fara shiri. A haɗa da katin rigakafin shawara. Tun Afrilun 2023 kuma hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta ce baƙo ba zai bi hanyoyin gandun dajinta ba sai da ɗan jagora mai lasisi. Ba ko'ina ake tsaurara dokar ba, amma a hunturu, lokacin da dusar ƙanƙara ke shafe sawun hanya, ko ba doka ban ga hujjar tafiya ba jagora ba. Kuɗinsa na kai wa dala 25 zuwa 35 a rana, ɗan dako kuma 20 zuwa 25.

Poon Hill

Ita ce mafi gajarta, kwana 4 ko 5 daga birnin Pokhara a koma Pokhara. Daga Katmandu zuwa Pokhara tafiyar minti 25 ce a jirgi, ko yini guda a bas. Ana kwana a Ghorepani, wajen mita 2,860, a tashi da asuba da tocila a goshi a hau tudun mai mita 3,210 don a ga fitowar rana a kan Dhaulagiri mai mita 8,167 da Annapurna mai 8,091, sannan a sauko a karya kumallo. Tun da ba a kwana sama da mita 3,000, haɗarin ciwon tsauni kaɗan ne, kuma daga ko'ina a hanyar yini guda ya isa a kai inda jif ke zuwa.

Masaukanta ba sa rufewa, domin ƙauyuka ne na gaske masu mutane rani da damina, irin su Ghandruk na ƙabilar Gurung. Takardar izinin yankin Annapurna rupi 3,000 ce, dala 20 da 'yan kai. In kamfani zai haɗa maka komai, jagora da abinci da kwana da mota, yawanci tsakanin dala 300 da 500 ne.

Kada gajartar ta ruɗe ka. Hawan Ulleri matakalan dutse ne sama da 3,000 a jere, kuma gwiwa ce ke faɗa maka gaskiya washegari. Haɗarinta na hunturu kuwa santsi ne: tsakanin Ghorepani da Tadapani hanya na bi ta cikin kurmi inda rana ba ta taɓa ƙasa, dusar da aka tattake ta daskare ta zama gilashi. Akwai 'yar sarƙa mai ƙayoyin ƙarfe da ake ɗaura wa ƙasan takalmi. Ba ta da tsada a Pokhara, kuma ita ce ke raba mutum da karaya. Naƙasun Poon Hill ɗaya ne: daga nesa kake hango tsaunukan, ba ka shiga cikinsu ba.

Langtang

Wannan kwari yana arewacin Katmandu, daf da iyakar Tibet, kuma ba a bukatar jirgi ko ɗaya. Mota ce ke kai mutum Syabrubesi, wajen mita 1,500. Nisan bai wuce kilomita 120 da wani abu ba, amma sai a share sa'a 7 zuwa 9, saboda titin kwana-kwana ne a gefen rami, wani wurin ba kwalta. Daga nan kwana 3 ko 4 na hawa zuwa Kyanjin Gompa mai mita 3,870, sai kwana 2 na dawowa. A lissafa kwana 8 gaba ɗaya, 9 in ana son sararawa.

Abin da ya sa nake ganin Langtang ta fi sauran dacewa da hunturu shi ne tsarin kwarin. Hanya ɗaya ce mai bin kogi, ba mashigin da za a tsallaka, kuma da ka juya baya gangara ce zalla. Wanda kansa ya fara sarawa a Kyanjin zai iya rage mita 1,000 cikin yini guda da ƙafarsa. Ga shi kuma tana shigar da mutum tsakiyar tsaunukan: Langtang Lirung, mai sama da mita 7,200, na tsaye a kan ƙauyen, kuma mai sauran ƙarfi na iya hawa Kyanjin Ri, wajen mita 4,700, ya sauko kafin azahar. Tserko Ri da ke kusan mita 5,000 ta fi wuya, kuma in dusar ta yi zurfi sai a haƙura da ita.

Tarkonta yana rana ta biyu ta tafiyar ƙasa. Jadawalin da yawancin kamfanoni ke bayarwa na ɗauko mutum daga Lama Hotel, wajen mita 2,470, ya kai shi ƙauyen Langtang mai 3,430 a yini ɗaya. Kusan mita 1,000 ke nan, ninki biyu na abin da likitoci suka yarda da shi. Ka ce a raba maka ita, ka kwana a Ghodatabela ko Thangshyap, ko da za a ƙara maka kuɗin yini guda. Jikin da ya taso daga Kano ko Maraɗi kwana huɗu da suka wuce bai shirya wa wannan tsalle ba.

Kafin a shiga ƙauyen Langtang hanya na ratsa wani makeken fili na tsakuwa da duwatsu masu launin toka, ba ciyawa ba itace. Tsohon ƙauyen yana ƙarƙashinsa. Girgizar ƙasar 25 ga Afrilun 2015 ce ta ɓalle ƙanƙara da duwatsu daga saman tsaunin suka binne shi, da mutum sama da 200. Waɗanda suka tsira sun sake gini a gaba kaɗan, shi ya sa masaukan wannan hanya da yawa sababbi ne, wasunsu sun fi na sauran hanyoyin kyau. A Kyanjin akwai 'yar masana'antar cuku ta nonon yak, shanun tsauni masu dogon gashi, da aka kafa da taimakon mutanen Siwizalan tun shekarun 1950. Wasu masaukai kan rufe a Janairu, amma ba a rasa na buɗe. Jagora ya riƙa buga waya gaba kafin a tashi. Izinin gandun dajin rupi 3,000 ne, kuɗin kamfani kuma dala 500 zuwa 800.

Sansanin gindin Annapurna

In kyan wuri kaɗai ake bi, da wuya a ja da wannan. Mutum na tsaye a mita 4,130 cikin wani fili da tsaunuka suka kewaye ta ko'ina, ga bangon kudu na Annapurna a gabansa, ga Machhapuchhre mai mita 6,993 a bayansa. Kwana 7 zuwa 10 ne daga Pokhara, izinin ɗaya ne da na Poon Hill, kuɗin kamfani dala 600 zuwa 900, kuma a hanyar dawowa akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi a Jhinu Danda. A kaka, ita zan fara nuna wa mutum.

A hunturu lissafin daban ne. Ƙofar shiga wannan fili ɗaya ce tak, wato matsatsin kwazazzabon kogin Modi, kuma hanyar na bi ta ƙarƙashin gangaren Hiunchuli. In dusar ƙanƙara ta taru a can sama, inda mai tafiya ba ya ma hango ta, takan zaftaro ta faɗo kan hanyar, musamman daga wajen Deurali zuwa sansanin Machhapuchhre. Ranar 17 ga Janairun 2020 irin wannan zaftarewa ta kashe 'yan Koriya ta Kudu 4 da 'yan Nepal 3 kusa da Deurali. Wannan haɗari ba ruwansa da ƙarfinka ko tsadar rigarka. Abin da ke rage shi haƙuri ne: kada a shiga kwazazzabon sai an ba dusar da ta sauka kwanaki ta zauna, a ratsa wuraren da sassafe kafin rana ta ɗumama gangaren, kuma in masu masaukin Deurali suka ce a dakata, a dakata. Wanda ke sama lokacin da dusar ta sauka kuwa, hanyar fitarsa ita ce dai wurin haɗarin.

Ta fuskar tsayi, kuskuren da aka fi yi shi ne tashi daga Deurali, wajen mita 3,200, a zarce har sansanin a yini guda. Kwana a sansanin Machhapuchhre mai mita 3,700 shi ne daidai. Disamba, musamman farkonsa, ya fi Janairu da Fabrairu aminci a wannan hanya, domin dusar ba ta riga ta taru ba.

Sansanin gindin Everest

Ita ce mai sunan, ita ce kuma mafi tsada, mafi tsawo, mafi sanyi. Kwana 12 zuwa 14, kusan kilomita 130 zuwa da dawowa. Daga Lukla a bi ta Namche Bazaar mai mita 3,440, inda ake hutun yini, sai Tengboche da gidan ibadarta na mabiya addinin Buddha, sai Dingboche mai 4,410 inda ake sake hutawa, sai Lobuche, sai Gorak Shep mai 5,164, wurin kwana na ƙarshe. Sansanin kansa mita 5,364 ne, kuma a can kowane numfashi na kawo wajen rabin iskar da yake kawowa a bakin teku. Abu biyu ya kamata mutum ya sani kafin ya biya. Daga sansanin ba a ganin kan Everest sosai. Sai an hau tudun Kala Patthar, sama da mita 5,500. Kuma tantunan nan masu launi da ake gani a hotuna na Afrilu da Mayu ne, lokacin masu hawa ƙololuwa. A Janairu duwatsu da ƙanƙara za ka tarar.

Hanyar kanta ba ta cika rufewa ba, kuma ba ta da haɗarin zaftarewa irin na Annapurna. Sanyi ne ke cin mutum. A Gorak Shep dare kan kai digiri 20 ƙasa da sifili ko fiye, kuma ɗakunan kwana falanki ne siriri, ba abin ɗumama su. Wuri ɗaya ne mai ɗumi a duk masaukin: ɗakin cin abinci, inda ake hura murhun ƙarfe da busasshen kashin yak da yamma. Kowa na jan kujera kusa da shi, safa na rataye a gefe, tulun ruwa na tafasa a kai. Da wutar ta mutu wajen ƙarfe takwas, sai kowa ya cika gorarsa da ruwan zafi ya cusa cikin jakar barci, tare da waya da batura, don in aka bar su a waje kafin safiya sun mutu. Da asuba ruwan bokitin banɗaki ya zama dutse, sai an fasa.

Maganar fita ita ce ta fi damuna. Daga Gorak Shep zuwa Lukla kwana 3 ne a ƙafa, kuma a ranar farko duk saurinka da wuya ka sauka ƙasa da mita 4,000. Ƙaramin asibitin ƙungiyar ceto ta Himalaya da ke Pheriche, wanda masu tafiya ke dogara da shi, a lokutan cunkoso biyu kawai yake da likitoci, wato wajen Afrilu da wajen Oktoba. A tsakiyar hunturu a rufe yake. Na kusa shi ne asibitin Khunde da ke saman Namche, wanda Edmund Hillary, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka fara hawa ƙololuwar Everest, ya gina a 1966.

Sai jirgin Lukla. Titin saukarsa mita 527 ne kacal, a kan gangare, dutse a gaba rami a baya, kuma sai matuƙi na gani da idonsa yake sauka. Hazon safiya a Katmandu ko gajimare a Lukla ya isa a soke jirage na kwana biyu ko uku. Tarayyar Turai ta hana duk kamfanonin jiragen Nepal shiga samaniyarta tun 2013. Tikitin ya haura dala 200 kowane zuwa, kaya kuma kilo 15 ne duka-duka. Duk wanda ya sa jirginsa na komawa gida washegarin ranar da zai baro Lukla ya ɗauko wa kansa tashin hankali; a bar aƙalla kwana 2 ko 3 a tsakani. Da izinin gandun Sagarmatha, inda Everest yake, da harajin ƙaramar hukumar yankin, wato Khumbu, da jirgi, kuɗin kamfani kan kama daga dala 1,200 zuwa 1,600. Ban da wannan, cajin waya, wanka da ruwan zafi, intanet da ruwan sha duk na kuɗi ne, kuma kana hawa farashi na hawa.

| Ma'auni | Poon Hill | Langtang | Annapurna | Everest |
|---|---|---|---|---|
| Kwanaki | 4–5 | 8–9 | 7–10 | 12–14, da ƙarin 2–3 |
| Wurin kwana mafi tsayi | mita 2,860 | mita 3,870 | mita 4,130 | mita 5,164 |
| Sanyin dare a Janairu | wajen −5 | −10 zuwa −15 | −10 zuwa −15 | −20 ko fiye |
| Kuɗin kamfani a dala | 300–500 | 500–800 | 600–900 | 1,200–1,600 |
| Jirgin cikin gida | ba dole ba | babu | ba dole ba | kusan dole |
| Yiwuwar rufewar hanya | kaɗan | kaɗan | babba | matsakaiciya |
| Babban haɗari | santsi | saurin hawa | zaftarewar dusar ƙanƙara | tsayi da sanyi |

Kaya, inshora da ibada

Hanyar da ka zaɓa ita ke yanke yawan kayan da za ka nema. Jakar barci da babbar rigar sanyi mai gashin tsuntsu ba sai an saya ba: a unguwar Thamel ta Katmandu ana ba da hayarsu dala 1 zuwa 3 a rana kowace, da ɗan kuɗin jingina. Ka buɗe jakar a gaban mai shago, ka ja zif ɗin sama da ƙasa, ka shinshina, kuma kada ka ɗauki lambar sanyin da ke jikinta da muhimmanci sosai, domin galibin kayan Thamel kwaikwayo ne na manyan kamfanoni. Don Poon Hill hakan ya wadatar. Don Everest ka nemi mafi kauri da suke da ita ka ƙara da bargon masauki. Rigunan ciki na ulu, suwaita da hular sanyi, 'yan gwanjon Ƙofar Wambai ma na iya fitar da kai, muddin ka guji auduga, don tana riƙe zufa ta huce a jikinka. Takalmi kaɗai ne ba a haya ba a gaggawa. Ka saye shi da wuri, mai rufe idon sawu, da sararin safa biyu, ka yi makonni kana tafiya da shi. Tabarau mai tare hasken rana shi ma dole ne. Hasken da ke dawowa daga dusar ƙanƙara na ƙona ido.

Inshorar tafiya da yawa na tsayawa a mita 3,000 ko 4,000. Ka tabbata taka ta ambaci tsayin da za ka kai da kuma ɗauko mutum da jirgi, a rubuce. A 2018 gwamnatin Nepal ta binciki wasu kamfanoni kan kiran jirgin ceto ba da dalili ba don cin kuɗin inshora, shi ya sa masu inshora ke son a kira su kafin jirgi ya tashi. Maganin Diamox na taimaka wa jiki sabawa da tsayi, amma likita ne zai ce ka sha ko kada ka sha. Kuɗi kuwa a riƙe rupi a hannu tun daga gari. Katin bankin gida ba abin dogaro ba ne a kan tsauni.

Abinci bai da wuya ga Musulmi in ya haƙura da nama. A yankin Khumbu ba a yanka dabba, don haka duk naman da ke faranti ɗauko shi aka yi daga ƙasa, kwana da kwanaki. Dal bhat, wato shinkafa da miyar adas da ganye, ita ce abincin hanya, kuma ana ƙara wa mutum kyauta har ya ƙoshi. Alwala ce ke son dabara: ka sayi fulas ɗin ruwan zafi da dare ka ajiye na asuba, ka kuma tambayi malami hukuncin shafa a kan huffi, taimama da haɗa salla tun kana gida. A duba kalanda kuma: azumin 2027 zai kama a farkon Fabrairu, na 2028 a ƙarshen Janairu, alhali jiki na bukatar lita 3 zuwa 4 na ruwa a yini a kan tsauni. Wanda ke son Juma'a kafin ya hau, akwai babban masallaci kusa da hasumiyar agogo ta Ghantaghar a Katmandu.

Wa ya dace da wacce

Wanda bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, ko yana tafe da iyali, ko hutunsa mako guda ne, Poon Hill ce tasa. Ita ce kuma kaɗai zan ambata wa mai AS ko mai hawan jini, shi ma bayan likita ya amince.

Wanda ke da kwana 10 zuwa 12 a ƙasar, yana da lafiya, yana son ya shiga tsakiyar manyan tsaunuka ba tare da jirgin Lukla ko fargabar zaftarewa ba, ya ɗauki Langtang, da sharaɗin a raba masa rana ta biyu. Ga mafi yawan masu tasowa daga ƙasashenmu a Janairu, nan ne kuɗi da wahala da abin gani suka fi daidaita.

Annapurna ta wanda zai zo a farkon Disamba ce, ko wanda ke da kwanakin jira kuma ba zai ji ciwo ba in jagora ya ce a juya daga Deurali. Tun da izininsu ɗaya ne da Poon Hill kuma hanyoyin na haɗuwa, ana iya tsara tafiyar ta fara da Poon Hill, in yanayi ya yi kyau a zarce, in bai yi ba a sauka ta Ghandruk.

Everest kuwa ta wanda ya taɓa kwana sama da mita 4,000 ya san yadda jikinsa ke yi ce, yana da kwana 17 ko 18 a hannu, da inshorar da ta kai mita 6,000. Wanda sunan ne kawai ke jan sa amma bai cika waɗannan ba, zai iya tsayawa a Namche ko Tengboche, inda ake hango Everest sarai ba tare da kwana sama da mita 3,900 ba, ko kuma ya ɗaga tafiyar zuwa Oktoba ko Afrilu, lokacin da likitocin Pheriche ke bakin aiki.